Wasiƙa daga Kaltungo zuwa ga ɗana

Kaltungo,
daren Talata.

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya surukata da nauyin jiki? Angona fa, tarin nan ya sake shi? Mu nan lafiya, sai godiya. Mun gama cirar gyaɗa, wake ya shigo gida, dawa kawai ta rage a gona. Sanyi ya fara saukowa daga kan duwatsu, gwiwata kuma ta fara halinta na kowace shekara.

Tun ranar Alhamis nake kiran wayarka. Sau ɗaya ka ɗauka, ka ce kana cikin mutane za ka kira, har yanzu shiru. Shi ya sa na sa Auta ta yago mini takardu daga littafinta na kwaleji. A waya kakan tare ni tun ban kai rabin magana ba, ka ce, "Mama, na gane." Ba ka gane ba. Wannan karon za ka ji ni har ƙarshe.

A bakin mata na ji labarin ɗan da na haifa. Muna tashi daga taron Zumuntar Mata a coci, wata ta miƙo mini waya ta ce, Mama, ba ɗanki ne wannan ba? Na duba, kai ne. Ga ka tsaye gaban bagade ranar bikin godiya, buhunan masara jere a bayanka, 'yan kwaya sun zauna. An ce Zabura ta 100 aka ba ka, sai ka buɗe wasiƙar Yakubu sura 5, ka karanta wa jama'a cewa ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya shiga kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ka rufe Littafin, ka juya ka dubi dattijon nan ɗan kwangila, ka kira leburorinsa daga bakin ƙofa suka shigo da kayan aiki a jikinsu. Na ga mata a cikinsu, ɗaya da goyo. Na kalla sau biyu a tsaye, na mayar wa matar da wayarta, na ce e, ɗana ne. Har na iso gida ban san ta wace hanya na bi ba.

Bari in fara da abin da ba ka zata zan faɗa ba. Ayar ba kai ka rubuta ta ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. In da gaske ne mutanen nan sun yi mako 7 suna zuba kankare ba a ba su haƙƙinsu ba, mai aikin kuma ya kawo buhu 20 gaban Ubangiji ana buɗa ana tafi, to masarar nan ba tasa ba ce, abincin 'ya'yan leburori ya ɗauko ya kawo. Ni na koya maka wannan tun kana makarantar Lahadi. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya shi kafin rana ta faɗi, don matalauci ne, ransa yana kan kuɗin. Irmiya 22:13 ya yi kaito ga mai gina benensa yana sa maƙwabcinsa aiki a banza. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da tasu, cewa a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Babu wanda zai ce bai taɓa ji ba.

Kai ba ka taɓa ɗaukar kwanon sarki ba. Ni na ɗauka. Shekarun nan bayan an sallami babanka, lokacin da albashin malanta kan yi wata uku ba a ga ƙeyarsa ba, duk Asabar da aka ce akwai zubin dakin, wato rufin kankare, a gari ina can tun asuba da gammona. Kankare a ka, a hau katako a sauko, a hau a sauko, har la'asar sakaliya, ba a tsayawa don kada zubin ya sha iska ya rabu. Siminti ya cinye mini tsakanin yatsun ƙafa, tabon yana nan har yau. Ranar Litinin in tsaya gaban 'yan aji huɗu ina ɓoye hannuwana cikin mayafi. Amma abin da ya fi kwanon nauyi shi ne yamma, a jera ku gaban motar ɗan kwangila, ya sauke gilashi kaɗan ya ce ku dawo Laraba. Ka san abin da ake ci a gida tsakanin Asabar da Laraba? Kun ci, ba ku sani ba, don ban bari kun sani ba.

Kai da bakinka ka bayyana mini dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, ta kai 70,000 a 2024. Ka ce ba ta hau kan mai aikin jinga ba, ba ta hau kan ƙodagon gona na damina ba, ba ta shafi wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Wato rabin mutanen da ke cika bencinmu ranar Lahadi doka ba ta san da zamansu ba. Ba su da ƙungiya, ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da kuɗin lauya. In coci ma ta kau da kai, wa ya rage musu? Wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Sujadar da kake nema, wadda za a tuna da mai ƙodago da gwauruwa a cikinta, ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ita muka tarar. Turawan mishan sun sauka Kaltungo a 1917, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kakanka mahaifina kuma yana cikin yaran farko da suka koyi karanta shi a unguwarmu. Lokacin yaƙin Hitila, tsakanin 1942 da 1944, da aka yi ta kwasar mutane dole zuwa haƙar kuza a Jos, abin da ake ce wa diban gwamna, ya faɗa ciki. Ya tafi ana shirin shuka. Masu bi a lokacin ba su cika rumfa ɗaya ba, amma suka yi gayya suka nome gonarsa, noman fari da maimai, suka girbe suka zuba a rumbu. Ya dawo da tari a ƙirji, ya tarar da hatsi. Har ya tsufa, in an tambaye shi me ya riƙe shi cikin bangaskiya, rumbun nan yake ambata kafin ya ambaci wani wa'azi.

Mu ma da muka taso a Zumuntar Mata haka aka koya mana. Duk ranar da za ki ɗora tukunya, ki ɗebi tafi ɗaya na tsaba ki zuba a wata ƙwarya daban, ƙarshen wata a haɗa. Ka san garin nan da maciji. Damina da kaka, daga ko'ina ake kawo waɗanda kububuwa ta sara zuwa asibitin Kaltungo, yawanci 'yan ƙodago da makiyaya, wasu daga nesa, ba dangi, ba kuɗin abinci. Kunu da tuwon da muke kai musu daga wannan tafi ɗaya yake fitowa, ba ma tambayar mutum ina yake ibada. Ranar Lahadi mu buga tulu mu yi waƙa, kuma bai taɓa zuwa mana a rai cewa waƙar daban, kunun daban ba.

Ban ce abubuwa ba su lalace ba. Shekara 14 ina riƙe da littafin kuɗin zumunta, da idona na ga kuɗin gwauraye yana raguwa, na tayil da fanka yana ƙaruwa. Bikin godiya ya koma gwanjo, a ɗaga zakara a kira sunan mai kuɗi a yi buɗa, matar da ta kawo mudun gero kuwa ta lallaɓa ta ajiye a gefe kamar ta yi sata. Yakubun da ka karanta, a sura 2 ya riga ya yi maganar mai zoben zinariya da kujerar gaba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mata da yawa daga ƙauyukan kan dutse suka daina zuwa babban taro saboda kuɗin mota, tafi ɗayan nan ma ya koma rabin tafi. A irin wannan lokaci ne wasu suka ga ya dace a sayo sababbin kujeru masu laushi na gaba. Na miƙe a taro na karanta musu Amos 5, inda Ubangiji ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙi, a bar gaskiya ta malala kamar ruwa. Aka ce an ji, an gode, Mama.

To in na yarda da wannan duka, me ya hana ni barci kwana biyar?

Ba karatun da ka yi ba ne, ba kuma horon wata shida na zama a bencin baya da na ji dattawan coci sun ɗora maka ba. Horo ba mutuwa ba ne, manya da yawa sun zauna a bencin baya sun tashi. Abin da na ji daga baya ne. Wai ka ce ba za ka zauna a bencin nan ba ko da minti ɗaya. Wai Lahadi biyu ke nan ba ka taka cocin ba, kuna taruwa a wani kango can bayan Tumfure, da leburori da 'yan Keke Napep da masu dako na Tudun Hatsi. Wai kuma ka ce Allah ya bar wancan ginin. Da daddare na karɓi wayar Auta na sake kallo, wannan karon ban saurari kalmominka ba, fuskarka na tsura wa ido. Jijiyar nan ta wuya da ta tashi, da yadda ka cije muƙamuƙi, da yatsan da ka ɗaga. Na san fuskar nan. Shekara 11 ina kwana kusa da ita.

Babanka ma gaskiya gare shi. Ka riƙe wannan, don ban taɓa ce maka ba shi da gaskiya ba. Ana cinye wa masu dakon auduga kuɗin lodi, ya ƙirga, ya rubuta, ya shige gaba. Aka kore shi shi kaɗai, waɗanda ya yi dominsu suka koma aiki ranar Litinin. Ya zo gaban dattawa yana tsammanin za su tsaya masa, ya tarar da akawun kamfanin zaune a cikinsu. Aka karanta masa Afisawa 6:5, cewa bayi su yi biyayya ga iyayengijinsu, ba a ƙarasa zuwa aya ta 9 ba, inda aka juya kan iyayengijin. An zalunce shi sau biyu, a kamfani da a gidan Ubangiji, na biyun kuma ya fi yi masa ciwo.

Ba rana ɗaya ya bar coci ba. Da fari ya ce zai riƙa zama a gindin maina yana jin wa'azi ta taga. Daga nan ya ce zai yi addu'arsa a gida da abokansa uku, ai Allah ba a gini yake ba. Ka ji? Kusan kalmar da aka ce ka faɗa. Cikin 'yan watanni abokan suka watse, don abin da ya haɗa su haushin mutum ɗaya ne, da haushin ya huce a wurinsu kowa ya kama gabansa, shi kaɗai ya rage da nasa. Addu'ar ta koma zagin dattawa, zagin ya koma shiru, shirun ya kai shi gidan burkutu. Mutumin da ya rasa aikinsa don 'ya'yan wasu su ci, ya zo ya daina tambayar ko nasa sun ci. Shekara 11 bai ci Jibin Ubangiji ba, gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa tare a coci. Sauran ka sani. Kai ka hau mashin cikin daren nan neman fasto, ka san ƙarfe nawa kuka iso, ka kuma san abin da kuka tarar.

Ba na tsoron a kore ka daga aiki. Ba na tsoron talauci, tare muka tashi da shi. Ko kulle ka aka yi saboda gaskiya, zan dafa abinci in kawo maka, in ɗaga kaina a kasuwa. Abu ɗaya nake tsoro, shi ne in sake zama ina kallon namiji mai gaskiya yana ruɓewa daga ciki, yana da hujja a kan kowa, ba mai iya gaya masa komai, har ranar da zai nemi gurasar nan da ƙoƙon nan a same shi ya riga ya tafi. Na binne ɗaya a haka. Mutane suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, suna faɗa don su yabe ka, ni kuwa in na ji sai cikina ya ɗuri ruwa. Ina roƙon Allah kowace asuba ka gaji zuciyarsa ta farko, kada ka gaji ta ƙarshe. In na tuna surukata da cikin da take ɗauke da shi, sai in ga kaina a wancan lokacin, in tashi zaune.

Luka 4:18 ka liƙa a bayan mashin ɗinka, bishara ga matalauta. Ka koma baya aya biyu, za ka ga ya shiga majami'a ran Asabar ne kamar yadda ya saba. Suka fusata, suka kai shi bakin dutse za su jefa shi. Ka ci gaba da karatu, a Kafarnahum ran Asabar ina aka same shi? Cikin majami'a. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka riƙa tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci, an yi gunaguni sosai, amma ba a raba gari ba, mutum 7 aka zaɓa aka danƙa musu aikin. Baƙar fatar nan na Amurka da ka rataye hotonsa a falo, Martin Luther King, kai ka ba ni labarinsa, cewa a 1968 ya je Memfis saboda masu kwashe shara da ke yajin aiki, aka harbe shi yana da shekara 39. Har ranar da aka harbe shi fasto ne a cocin Baptis, tare da mahaifinsa suke kiwon garke ɗaya. Tun da ka ɗauki hotonsa, ka ɗauki wannan ma.

Yanzu bari in tambaye ka, ka ba kanka amsa kafin ka ba ni. An biya su? Bayan karatun, bayan bidiyon ya zaga Facebook, bayan duk masu rubuta maka kirari, mutanen nan sun karɓi kuɗinsu? Labarin da ya iso mini, ba a biya ba, mai goyon nan kuma babu mai ɗaukarta aiki yanzu, don kowane ɗan kwangila ya ga fuskarta. Ka tambaye ta kafin a ɗauke ta a waya? Ka je wurin dattijon, daga kai sai shi, kamar yadda Matiyu 18:15 ya ce, ka koma da mutum ɗaya ko biyu, kafin ka kai gaban jama'a? In ka je, ka gaya mini in nemi gafararka. In ba ka je ba, to ka tsallake ayoyi don ka kai ga wadda za a tafa maka. An ce rabin leburorin Musulmi ne, ba su shigo ba, ba sa cikin bidiyo. Su wa yake bin nasu? Ka kuma yi hankali da yadda magana ke juyewa a ƙasarmu. Ina ɗauke da cikinka aka yi rigimar Tafawa Ɓalewa a 1991, daga gardamar nama a mahauta ta tashi, kafin a ankara wuta ta kai garin Bauchi. Maganar kuɗin lebura ce, kada ka bari wani ya saka mata wata riga.

Sai wadda ta fi ci mini rai. Yarinyar nan da kuka ɗauka, 'yar maƙwabciyar gwaggonka. A gabana ka yi wa uwarta alkawarin makaranta da ɗan abin da za a riƙa aiko mata duk wata. Ranar kasuwa uwar ta tare ni wajen masu daddawa, ta gaishe ni har ƙasa, ta kasa tambaya, ni na gane. Tun Ista ba ta ga ko sisi ba. Auta da ta kwana biyu a wurinku ta ce yarinyar ce ke fara tashi, ita ke kwanciya ƙarshe, a kicin take shimfiɗa, zango biyu ke nan ba ta taka aji ba. Ranar da ka tsaya kana karanta Yakubu 5, tana ina? Tana gida tana wanke-wanke, tana jiran mai ruwa. Laifi tudu ne, ɗana, ka taka naka ka hango na dattijo. Kada ka ce mini surukata ce ke kula da wannan. Kai ne maigida, kai ka yi alkawari. Na san komai ya yi tsada, na san albashinka. Dattijon ma in ka tambaye shi zai ce ba a biya shi kuɗin kwangila ba tukuna. Kowa da hujjarsa. Na cire na wata biyu daga fanshona na ba uwar, na ce kai ka aiko. Ka sa na yi ƙarya da furfurata.

Na san abin da za ka ce, don ka riga ka faɗa. Kirsimetin bara, a tsakar gida, gaban ƙannenka, ka ce irin shirunku ne ya kawo mu nan. Ka kuma ambaci zuwan da na yi gidan akawun. Ban amsa maka ran nan ba saboda akwai baƙi. E, na je. Na durƙusa. Na karɓi kuɗin jarrabawar yayarka da rabin buhun dawa daga hannun mutumin da ya rubuta takardar korar mijina. Babanka bai ci tuwon ba, ku kun ci. Kana tsammanin ba ni da zuciya ne? Duk Lahadin Jibi faranti ɗaya ne ke bi ta gabansa ya iso gabana, da ƙyar nake haɗiyewa. Amma na zauna. Da na fita, wa zai riƙe littafin gwauraye? Ranar da aka so a karkatar da kuɗin marayu zuwa rufin ofis, wa zai miƙe ya ce a'a? Ni na miƙe, aka fasa, ba wanda ya ɗauke ni a waya. Mutumin kuma, kafin ya rasu, ya aiko aka kira ni, ya nemi gafara da hawaye, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Babanka bai ji wannan ba, don ba ya nan. Akwai ranakun da ya kamata in ɗaga murya na yi shiru, na sani, na kuma kai su gaban Ubangijina. Amma kai da ka ci tuwon, ba kai ne za ka tsaya a tsakar gidana ka auna ni ba.

Na ajiye biro na sha ruwa. Ka yi haƙuri da zafin, uwa ce ke magana. Gaskiya, da na gan ka tsaye gaban buhunan nan muryarka ba ta rawa, akwai gefen zuciyata da ya yi buɗa. Kai ne yaron da ke ɓoye rabin ƙosansa a aljihun wando saboda almajirin bakin makaranta, har mai ya ɓata maka kayan makaranta na yi ta faɗa ban san dalili ba. Ba na so zuciyar nan ta mutu. Ba na kuma so ta yi tsami.

Ga abin da nake roƙonka. Taron leburorin kada ka watsa shi, suna bukatarsa. Ku mai da shi yammacin Lahadi ko daren Laraba, ku yi addu'a, ku yi adashi, ku buɗe littafi a rubuta wa ke bin wa, nawa ne, tun yaushe. Littafin babanka ya fi muryarsa ba su tsoro. Amma da safe ka shiga coci ka zauna inda aka ce ka zauna. Ka nemi dattawa biyu masu tsoron Allah, akwai su, ku je gidan mutumin da dare, ba waya a hannu, ku ce ba kunyata shi kuka zo yi ba, kuɗin mutane kuka zo karɓa, ko rabi ne a fara, na Kirista da na Musulmi duka. In kuma ka san ka wulaƙanta shi fiye da abin da ayar ta ce, ka ba shi haƙuri a kan wannan, ba a kan ayar ba. Mai goyon nan ka nema mata aiki, ko ka tara mata jarin ƙosai, don kai ka jawo mata.

In wata shidan suka cika, ka kawo shawararka a rubuce. Duk aikin ginin coci a biya lebura ranar da ya yi aikin. A naɗa mutane irin bakwai ɗin nan, waɗanda ma'aikaci zai kai wa kuka ba tare da ya ji tsoro ba. Maƙwabciyata 'yar Katolika ta ce su ranar 1 ga Mayu, ranar ma'aikata, suna tunawa da Yusufu kafinta, kuma tun 1891 Paparomansu Leo na 13 ya rubuta wasiƙa a kan ladan ma'aikaci. Me zai hana mu ma, Lahadin da ta fi kusa, kowa ya zo da kayan aikinsa, birkila da cokalinsa, tela da almakashi, manomi da fartanya, mai kwano da gammonta, a ajiye gaban bagade inda ake jera buhuna, a kira su da suna a yi musu addu'a? Da an yi haka a zamanina, da ban ɓoye hannuwana ba. Amma daga hannun wanda ke ciki ake karɓar irin wannan takarda, na kango ba wanda zai buɗe tasa.

Yarinyar kuma, kafin komai. Ka kai ta makaranta da ƙafarka, ka saya mata katifa, ka lissafa kuɗin uwarta tun daga Ista. Na wata biyun da na biya ba na so ka mayar mini, ka haɗa mata.

Na ba direban da ka sani wannan takarda, da tiya biyu ta gyaɗa, da wake, da daddawar surukata, da 'yar rigar sanyi ta angona. Ranar Asabar zan shigo motar farko, in gwiwa ta bari, in ba ta bari ba ma zan shigo. A wurinku zan kwana. Lahadi da safe zan ɗaura zanen zumuntata mu tafi tare. Ka gaya wa masu nuna wurin zama kada su kai ni gaba wajen mata, a bencin baya zan zauna kusa da kai. Ka zo ka tarye ni a tashar da aka saba, wajen ƙarfe goma.

Ubangiji ya kiyaye ka, ya kiyaye gidanka.

Ni ce,
Mahaifiyarka.